RANDA, BUHU DA RIJIYA: ƘANANAN DABARUN DA KE RAYA ƘAUYE

Duk wanda ya ke hulɗa da kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, ya san ba duk abin da manomi ya ɗora wa mota a Arewa ne ya ke isowa Kudu lafiya ba. Kwandon tumatir ya kan taso daga Kadawa ko Hunkuyi cike fal, ya kwana biyu ko uku a hanya cikin zafi, na sama ya danne na ƙasa, kafin a sauke shi gindinsa ya zama ruwa. Buhun wake kuwa, in ya yi wata uku a rumbu ba magani, sai a buɗe a tarar ƙwaro ya rarake shi, ya bar gari da ɓawo. Dillali ya kan yi ƙorafi, mai saye ta kan karya farashi, amma wanda asarar ta ke komawa kansa shi ne mutumin ƙauye, watau uba ko wa ko ƙanen da yawancin masu karanta wannan shafi suka baro gida.

Irin wannan asara tana cikin manyan abubuwan da ke koro samari zuwa Kurmi cin rani. Wanda ya yi noma ya gaji, ya kuma sayar da amfaninsa da kaka a kan arha don tsoron kada ya lalace, ba shi da abin yi daga Nuwamba zuwa Mayu illa ya kama hanyar Ikko ko Anaca ko Fatakwal, ya yi dako, ko gadi, ko acaɓa, ko yankan farce. Saboda haka maganar wace irin dabara ce za ta taimaki ƙauye ba maganar malaman jami'a kaɗai ba ce. Ta shafi duk wanda ya ke aika kuɗi gida a ƙarshen wata.

ZAMANIN MANYAN AYYUKA

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwararowa, hukumomi sun ɗauka cewa maganin talaucin ƙauye shi ne babban aiki. Aka yi shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, aka yi na Juyin Noma a 1980, aka shigo da tantan rututu, aka tare manyan koguna. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda ke kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, an gama ta a 1978, aka kuma shirya hekta 23,000 domin noman rani. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta jiran diyya, da haƙuri ya ƙare suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike kuwa sun ce ɗaruruwa ne. Bugu da ƙari, mutanen fadamar da ke ƙasa da madatsar, waɗanda tun kaka da kakanni su ke shuka shinkafa da ambaliyar gulbi, sai suka ga ruwan ya ragu. Zuwa 2003 na'urorin feshin ruwa da aka kashe wa maƙudan kuɗi sun tsaya, abin da a ke nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, sai daga baya aka koma gyara da rancen Bankin Duniya.

A Barno ma an ga irin wannan. An shirya shayar da fiye da hekta 60,000 a yankin Marte da ruwan Tabkin Chadi, aka haƙa babbar hanyar ruwa, aka kafa injuna. Da farin shekarun 1980 ya zo, tabkin ya janye ya bar bakin hanyar ruwan a kan tudu. Hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 domin hanyoyi da ruwan sha na karkara ta haƙa rijiyoyin burtsatse da dama, amma ba ta kai shekara 10 ba aka rushe ta, famfuna da yawa kuma suka mutu ba mai gyara.

Ba wai babban aiki ba shi da amfani ba ne. Madatsar Tiga, da aka gama a 1974, ita ce ta mai da Kadawa da Kura da Bunkure gidan shinkafa da tumatir. Abin lura shi ne, duk na'urar da mai ita ya ke zaune a ofis a babban birni, kayan gyaranta kuma su ke ƙetaren teku, ranar da ta tsaya mutumin ƙauye ba shi da abin yi sai kallo. Zanen aro ba ya rufe katara.

Tun a 1966 wani masanin tattalin arziki mai suna E. F. Schumacher ya kafa wata ƙungiya a Ingila a kan wannan tunani, wadda yanzu a ke kira Practical Action. Ra'ayinsa shi ne, tsakanin fartanya da tantan akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan filin ne talaka zai sami kayan aikin da zai iya saye, ya iya gyarawa, ya kuma ci riba. Misalai huɗu daga ƙasar Hausa sun nuna gaskiyar wannan magana.

RANDA CIKIN RANDA

Kowace mace a ƙauye ta san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne jikin randa yana tsattsafo, iska kuma in ta busar da danshin sai ta tafi da zafi, kamar yadda gumi ya ke sanyaya jikin mutum. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda aka haifa a 1964 a gidan magina tukwane, ya kuma koyar a Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, shi ne ya ɗauki wannan tsohon sani ya mai da shi firjin talaka. Dabarar ba ta da wuya. A sami randa babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a zuba kayan miya cikin ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Ya fara gwaji a 1995. Abin da ya gani shi ne, gautan da ke yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi sati 3, alayyafon da ba ya kwana ya kai kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi randuna 5,000 ya raba a ƙauyuka 5, a 1999 ya ƙara 7,000. Da ya ga mutanen ƙauye ba sa karanta takardun bayani, sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauka a majigi, a ke nunawa da dare a dandali da ɗan janareto da farin ƙyalle. A shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000, ya zuba ta cikin aikin, zuwa 2005 randunan da aka raba sun haura 90,000. Dabarar ta kai har Darfur a ƙasar Sudan, inda a ke kiranta zir. Malam Bah Abba ya rasu a 2010.

Wani amfanin da shi kansa ya fi alfahari da shi ya shafi 'yan mata. A gidan da kayan lambu ba sa kwana, dole a ɗora wa yarinya talla kullum safiya don a rabu da su kafin su lalace. In akwai randa, sai a tara a kai ranar kasuwa, yarinya kuma ta sami zuwa makaranta.

Sai dai akwai sharaɗi. Randar tana aiki ne inda iska ta ke a bushe, watau lokacin hunturu da bazara a Arewa. Da damina ƙarfinta ya kan ragu, a Ikko ko Fatakwal kuwa, inda iska ke cike da danshi, sanyin da za ta bayar ba shi da yawa. Wanda ya gwada ta a Agege ya ga ba ta yi ba, kada ya yanke hukunci a kan abin da za ta yi a Gumel ko Ɗanbatta.

BUHU MAI RIƁI UKU

Nijeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Jamhuriyar Nijar na biye da ita, babban abokin gaba kuwa shi ne ɗan ƙwaron nan da ke yin ƙwai a jikin ƙwaya tun daga gona. Shekara da shekaru abin da 'yan kasuwa da manoma suka sani shi ne a zuba magani, wadansu har su kan zuba wanda ba a yi shi don abinci ba. Sakamakon haka an sha jin labarin iyalin da suka ci wake suka kwana asibiti, a 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan gubar da aka tarar a jikinsa.

Maganin wannan ya samo asali ne daga Marwa, a arewacin Kamaru, inda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Kamaru suka fara bincike a ƙarshen shekarun 1980. Buhun PICS leda ce mai kauri guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, sa'an nan a sa su cikin buhun saƙa na yau da kullum. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwarin da ke ciki su kan shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba a sa ko ɗigon magani.

A 2007 aka fara yaɗa buhun a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka kuma sa masana'antun cikin gida, har da ta Kano, su riƙa yin sa. Hanyar da aka bi wajen koyarwa ita ce abin koyi. Malamin gona ya kan zo ƙauye da kaka, a ɗaure waken wadansu manoma a gaban mai gari da jama'a, bayan wata 4 zuwa 6 a tara mutane a kwance. Gani ya kori ji. Kuɗin buhu ɗaya a shekarun farko dala 2 zuwa 3 ne, kuma in ba a huda shi ba ya kan yi shekara 3 ana amfani da shi. Ribar a fili ta ke: wanda ya iya riƙe wakensa daga kaka zuwa bazara zai sayar lokacin da farashi ya tashi a Dawanau, maimakon ya ba da shi lokacin da kowa ke neman kai da nasa. Abokan gabansa biyu ne, ɓera da jabun leda mara kauri, don haka a ɗora shi a kan katako nesa da bango, a kuma saya a hannun dillalin da aka sani.

RIJIYAR FADAMA

Kafin zuwan inji, mai lambu da jigo ya ke ban-ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, abin da zai iya shayarwa kuma bai wuce 'yan fangali ba. A shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohin Kano da Bauci da Sakkwato suka yaɗa wata hanya mai sauƙi. A fadama ruwa ba shi da nisa, saboda haka mutum uku ko huɗu za su iya nutsa bututun roba cikin yashi a yini ɗaya, su haɗa shi da ɗan injin fetur wanda yaro zai iya ɗorawa a keke. Irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwan da ya fi mita 7 ko 8 zurfi, amma a fadama wannan ya isa, ya kan kuma shayar da hekta 1 zuwa 2. Da aka ga nasarar abin, a 1993 aka fara Shirin Fadama na ƙasa da rancen Bankin Duniya.

Bambancin wannan da Bakolori shi ne ba a tashi kowa daga gonarsa ba, inji na manomi ne, bakaniken da ke gyaran babur a kasuwar ƙauye shi ne ke gyara shi. Yawancin albasa da tattasai da tumatirin da ke cika kasuwannin Kudu da rani daga irin waɗannan lambuna su ke fitowa.

Amma ita ma rijiyar tana da iyaka. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama ambaliyar damina ce ke mayar da shi, kuma mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda ambaliyar ta canja bayan an tare kogunan da ke samansu a Tiga da Challawa. In aka yi ta zuƙa ba lissafi, rijiya ta kan ƙafe tun kafin albasa ta nuna. Har ila yau, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin mai fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, abin da ya sa masu lambu da yawa suka fara juyawa ga inji mai aiki da hasken rana. Wannan ba ya shan mai, amma kuɗin sayensa da fari yana da nauyi ga mutum ɗaya, sai dai in an haɗa hannu.

ITACEN DA BA A DASA BA

Misali na huɗu ba ya bukatar ko kwabo. A jihar Maraɗi ta Nijar, bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Abin da a ke bukata kawai shi ne a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga awaki. Manoma suka ga abin a gonar maƙwabci suka kwaikwaya, musamman da suka tabbata cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Masu binciken da suka auna da hotunan sama sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200.

Sarkin waɗannan itatuwa shi ne gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ƙasar da ke gindinsa kuma ta fi sauran gona ƙarfi. Ƙasar Daura da Katsina da Kazaure iri ɗaya ce da ta Maraɗi, ba abin da ya raba su sai iyakar da Turawa suka shata.

INDA A KE TUNTUƁE

Idan aka jera waɗannan huɗu za a ga abin da ya haɗa su. Kowanne ya taso ne daga matsalar da mutanen wurin da kansu su ke kuka da ita. Kowanne manomi zai iya mayar da kuɗinsa cikin shekara ɗaya ko biyu. Kowanne akwai mai yin sa ko mai gyaransa a kusa, magini ko maƙeri ko bakanike. Kowanne kuma yana da mai shi, wanda zai ji zafi in ya lalace.

Famfon tuƙa-tuƙa shi ne misalin abin da ke faruwa in sharaɗi na ƙarshe ya ɓace. Shi kansa famfon ba shi da laifi, har ma akwai samfurin Afridev da aka tsara a shekarun 1980 musamman don mutanen ƙauye su iya kwance shi da kansu. Amma in ɗan siyasa ko wata ƙungiya ta haƙa ta tafi, ba a naɗa masu kula ba, ba a koya wa kowa gyara ba, ba a ajiye asusu ba, to ranar da wata 'yar roba ta cinye, sai mata su koma tafki, famfo ya zama wurin ɗaure jaki. Kayan kowa ba na kowa ba ne.

Wani wurin tuntuɓen shi ne mantawa da mata. Su ne ke ɗiban ruwa da daka da surfe da neman itacen girki, amma sau da yawa in an zo nuna sabon abu maza a ke tarawa a ƙofar fada. Injin niƙa, da injin matsar man gyaɗa, da murhu mai cin itace kaɗan, duk a hannun mata su ke cin nasara ko su faɗi. Kuma dole a faɗi gaskiya, ba randa ko buhun da zai amfani mutumin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, kamar yadda aka yi ta gani a sassan Zamfara da Katsina da Barno a shekarun nan. Tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma, ba wata dabara da za ta maye gurbinsa.

RABON MAZAUNA KUDU

Kuɗin da 'yan Arewa mazauna Sabo da Idi-Araba da Obalende da Shagamu su ke aikawa gida kullum ba ƙanana ba ne, ko da ya ke yawanci a bakin tukunya da biki su ke ƙarewa. Ba wanda zai ce a bar iyaye da yunwa. Amma wanda zai tafi gida da kaka, in ya sayi buhu 5 masu riɓi uku ya kai wa mahaifinsa, ya yi masa abin da ya fi turmin shadda. 'Yan gari ɗaya da ke adashi a Agege, in suka ware ɗauka ɗaya suka sayi injin ban-ruwa, suka damƙa shi ga wanda suka amince da shi bisa rubutaccen sharaɗi a gaban mai unguwa, sun samar wa ƙannensu aikin rani. Ƙungiyar 'yan gari da ta ke son ta haƙa wa ƙauyensu rijiya, kafin ta biya mai haƙa ya kamata ta san wa zai gyara, a wace kasuwa a ke samun kayan gyara, nawa kuma kowane gida zai riƙa zubawa a asusu duk wata. Masu fataucin tumatir su ma suna da abin dubawa, domin kiret na roba da a ke jerawa ɗaya kan ɗaya ba ya barin na sama ya danne na ƙasa kamar kwando, sai dai sai an shirya yadda za a riƙa mayar da shi Arewa.

Hana acaɓa da Gwamnatin Jihar Ikko ta yi a wadansu ƙananan hukumomi a 2022 ya isa ishara, cewa sana'ar baƙo a garin wani tana iya ƙarewa da sanarwa ɗaya a rediyo. Gonar gado kuwa tana nan inda aka bar ta. Masu son ƙarin bayani a kan waɗannan dabaru su sa 'yan'uwansu su nemi malamin gona na ƙaramar hukumarsu, ko ofishin hukumar raya aikin gona ta jiha, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Kafin a saya kuma, a je a ga gonar wanda ya riga ya gwada, a tambaye shi abin da ya kashe da abin da ya samu.